Labarin Ƙaurarmu a Teburin 'Yan Gwanjo

Duk wanda ya saba bi ta Dugbe, ko ta bakin ƙofar Jami'ar Ibadan wajen Agbowo, ya san mutanen nan masu baza tsofaffin littattafai a kan tebur, wasu ma a ƙasa a kan buhu, rana ta doke su, in hadari ya taso a ja leda a rufe. Yawancinmu wucewa muke yi, sai fa in yaro ya matsa a saya masa littafin lissafi mai araha. To, a irin wannan wuri ne ɗaya daga cikinmu ya tsugunna yana tonon na yara, sai hannunsa ya faɗa kan wani littafin Turanci wanda bangonsa ya ƙoƙe, gara ta ɗan taɓa gefensa. Da ya buɗe sai ya ga sunan Sabo a kusan kowane shafi. Abin da ya biya bai kai kuɗin tuwon dare na mutum biyu ba. Wannan tsintuwa ce ta sa muka shiga bin 'yan gwanjon littattafai muna neman duk abin da ya shafi ƙaura da kora da gudun hijirar mutanenmu, kuma abin da muka gani ne muke so mu kawo wa jama'a a wannan fitowa.

Sunan littafin Custom and Politics in Urban Africa, an buga shi a Landan cikin 1969. Wanda ya rubuta shi, Abner Cohen, haifaffen Bagadaza ne, wato shi ma mutum ne da ya san ɗacin barin garin haihuwa. Ya zauna cikin Sabo daga 1962 zuwa 1963, yana shiga gidajen fatoma, yana zuwa kara, yana zama da dillalai da malamai yana tambaya yana rubutawa. A lokacin mutanen unguwar ba su wuce dubu 4 da 'yan kai ba.

Abu na farko da mai karatu zai tsinta a ciki shi ne, kafuwar Sabo kanta ƙaura ce aka sa kakanninmu suka yi. Kafin 1916 Hausawan Badun a cikin gari suke zaune, a gidajen Yarabawa masu masauki, kusa da babbar kasuwa. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan cikin 1901, ya kai Kano cikin 1911, sai baƙi suka yi ta ƙaruwa, fataucin shanu da goro ya buɗe. Da yawa ya zo sai ƙorafi ya biyo baya, aka riƙa cewa ɓarayi na fakewa cikin baƙi. Daga nan hukumar gari da Turawan mulki suka yanke shawara a ware wa Hausawa fili a bayan gari, a tattara su wuri guda ƙarƙashin sarkinsu. Filin nan shi ne inda muke zaune yau, wanda gari ya zo ya kewaye shi har ya zama tsakiya. Saboda haka duk ranar da wani ya tsare ɗanka yana tambayarsa yaushe kuka zo, akwai amsa a rubuce, da shekara, a littafin da manyan jami'o'in duniya suka daɗe suna koyarwa da shi.

Ya kuma yi bayanin yadda sana'ar take tafiya, bayanin da ko ɗan kara na yau zai gyaɗa kai in an karanta masa. Saniyar Arewa ba ta daɗewa a Kurmi saboda ƙudan tsando, dole a sayar da ita da wuri. Mahauci kuwa ba ya da kuɗi a hannu, sai ya yanka ya sayar sa'an nan ya biya. Wa zai tsaya wa bafatake har kuɗinsa su fito? Maigida, wanda ya sauke shi, ya ciyar da shi, ya sa dillalinsa ya nemo mai saye, in kuma mahauci ya gudu da bashi shi zai biya daga aljihunsa. Haka goro, wanda in ba a iya ɗaurinsa da duba shi ba sai ya lalace kafin ya kai Arewa. Amana ce jarin duka, ita ce kuma ta sa zaman wuri guda ya yi wa mutanenmu rana, ko da yake da farko ba su suka zaɓa ba.

Amma kada a ɗauka duk abin da ya faɗa muka yarda da shi. Da ya zo kan shigar mutanen Sabo ɗarikar Tijjaniyya a farkon shekarun 1950, da yadda suka ware masallacin Jumma'arsu daga na cikin gari, sai ya fassara abin da idon kasuwa da siyasa: wai da suka ga mulkin Turawa na janyewa, jam'iyyu sun shigo, sai suka nemi wata igiyar da za ta ɗaure su wuri guda don kare cinikinsu. Mai yiwuwa akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai dattijon da ya shekara hamsin yana zuwa wazifa ba zai yarda don shanu yake yi ba, mu ma ba mu yarda ba. Akwai kuma dogon bayani a kan mata masu zaman kansu, wanda da aka fassara wa wani tsohonmu sai ya ce, "Wannan Bature bai bar komai ba, har abin da ba a tambaye shi ba." Duk da haka, gara a san abin da aka rubuta a kanka, ko mai daɗi ko marar daɗi, tun da wasu sun fi shekara hamsin suna karanta shi a bayan idonka.

Bayan wannan, littattafan da muka fi cin karo da su su ne na hijirar 1903. Turawa sun ci Kano ran 3 ga Fabrairu, suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya nufi gabas da niyyar isa Makka, jama'a kuwa suka yi ta barin gonaki da gidaje suna bin sa, sarakuna da malamai da talakawa da bayi, har abin ya tsorata Turawan. Suka bi shi har Burmi, cikin Jihar Gombe ta yanzu, inda ya yi shahada ran 27 ga Yuli tare da ɗaruruwan mutanensa, Allah Ya jiƙansu. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har ƙasar Sudan, suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, garin da har yau ake kira da sunansa. Wani tsohon jami'in mulkin Turawa, Muffett, ya rubuta labarin yaƙin cikin 1964. R. A. Adeleye na Jami'ar Ibadan ya fitar da nasa cikin 1971, wanda a ganinmu ya fi adalci, don ya koma ga takardun Larabci na mutanen Sakkwato, har da risalar da Waziri Buhari ya rubuta yana bayyana dalilin da ya sa shi ya zauna bai bi masu hijira ba. Sa'an nan Mark Duffield ya je garin Mai Wurno ya zauna da jikokin masu hijirar, littafinsa ya fito cikin 1981. Wannan na ƙarshe wuyar samu gare shi ƙwarai. Sau ɗaya muka gan shi, shi ma kwafi ne da wani ɗalibi ya ɗauka a inji ya ɗinke da zare.

Abin mamaki, a nan Jericho, tafiyar da ba ta fi a yi ta da ƙafa daga Sabo ba, manyan kamfanonin ɗab'i irin su Heinemann da Evans da na Oxford suka kafa ofisoshinsu. Wato littattafan tarihin Arewa sun yi shekaru suna wucewa ta bayan gidajenmu cikin kwali, mu kuwa muna can muna lissafin huhun goro.

Na korar Gana ba su da yawa. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita. Akwai gidaje a unguwar nan da iyayensu suka sauka da tabarma da buta kawai daga Kumasi da Accra da Tamale, wasunsu can aka haife su, ba su taɓa ganin Nijeriya ba. Enid Schildkrout ta rubuta littafi kan zangon Kumasi cikin 1978, J. S. Eades kuma ya rubuta na Yarabawan Ogbomoso da Igboho da Saki waɗanda suka yi kasuwanci a Tamale har korar ta same su, ya fito cikin 1993. A nan ne mutum zai ga ashe mu da masu masaukinmu mota ɗaya muka taɓa hawa. Kuma kada mu manta, cikin Janairun 1983 gwamnatinmu ta yi wa 'yan Gana irin wannan, har jakar nan ta leda ta samo sunanta.

Inda abin ya fi ba mu takaici shi ne 1966. In ka tsaya gaban tebur guda, za ka iya ƙirga littattafai goma kan yaƙin basasa: na sojoji, na 'yan jarida, na limaman coci, na ƙagaggun labarai. Sun ba da labarin kashe-kashen da aka yi wa Ibo a garuruwan Arewa da yadda suka kwarara gida, abin da ya faru ne kuma, ba mai gardama, kuma abin kunya ne. Amma a watannin nan dai an kashe 'yan Arewa a Fatakwal da wasu garuruwan Gabas, gwamnatin yankin kuma ta ce duk wanda ba ɗan Gabas ba ya fita. Mutanen da suka yi shekaru a Onitsha da Aba da Inugu, garin da Malam Umaru Altine ɗan ƙasar Sakkwato ya zama magajinsa na farko a shekarun 1950, suka tashi suka bar rumfuna da gidaje. Labarinsu a waɗannan littattafai layi biyu ne ko uku. Su Ibo sun zauna sun rubuta nasu. Namu yana bakin tsofaffi, tsofaffin kuwa kullum sai mun kai ɗaya makwanci.

Mai karatu zai so ya san yadda waɗannan littattafai ke faɗowa gwanjo. Wasu daga gidajen malaman jami'a ne, in mutum ya rasu ko ya yi ritaya iyali su kira mai saye ya kwashe da buhu. Wasu cikin kwantena suke zuwa daga Ingila da Amurka, inda laburare kan rage tsofaffin kaya, shi ya sa za ka ga tambarin wata makaranta da hatimin sallama a shafin farko. Kasuwar ta bunƙasa ne tun daga 1986, lokacin da aka karya darajar naira sabon littafin waje ya fi ƙarfin malami, balle ɗalibi. Mai tebur bai cika sanin abin da ke hannunsa ba. Kauri yake dubawa, da kyan bango, da ko ana yin littafin a jarrabawa. Wanda ya daɗe bai fita ba sai a haɗa shi da tsofaffin jaridu a sayar wa masu ƙosai da masu tsire, kuma kowa ya san su wane ne masu tsiren garin nan. Ba abin mamaki ba ne a ce wani ɗan Sabo ya taɓa naɗe wa mai saye nama da shafin da ke ɗauke da labarin kakansa. A can Turai kuwa akwai dillalai na musamman da ke neman bugun farko mai cikakken shafi da rigar bangonsa, su sa shi a intanet da kuɗin da in an juya shi naira sai mutum ya riƙe baki. Yaran masu tebur na yanzu sun fara ganewa, sukan duba waya kafin su yanka maka kuɗi, don haka arahar da muka samu ba lalle ta daɗe ba.

Akwai kuma takardun da ba a sayar da su ko'ina, wato namu na gida: wasiƙun ajami tsakanin maigida da fatakensa, littafin bashi, takardar fili, rasit na haraji, tsohon fasfo na wanda ya dawo daga Gana. Irin waɗannan su ne wuta ke fara ci. An yi rikicin Shagamu cikin Yulin 1999, an yi na Idi-Araba a Legas cikin Fabrairun 2002, ga na kasuwar Shasha nan kusa da mu cikin Fabrairun 2021, inda rumfuna da gidaje suka ƙone, na Hausawa da na Yarabawa, jama'a suka fake a gidan Sarkin Shasha, wasu suka hau manyan motoci suka yi Arewa. Wanda ke gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar gafaka. Wani bawan Allah da ya dawo bayan ƙura ta lafa ya ce mana abin da ya fi yi masa ciwo, bayan rayukan da aka rasa, shi ne akwatin takardun mahaifinsa, don yanzu ba shi da abin da zai nuna cewa rumfar tasu ce tun kafin a haife shi.

Zuwa yanzu abin da muka tara littattafai bakwai ne, biyu daga ciki ba su da shafukan ƙarshe. Suna ofishin ƙungiya cikin akwatin ƙarfe, mun zuba kafur saboda gara. Matasa biyu sun ɗauki nauyin fassara babin kafuwar Sabo zuwa Hausa, in sun gama za mu riƙa kawo shi kaɗan-kaɗan a wannan shafi in Allah Ya yarda. Wanda ke da tsohuwar takarda a gida, ko ta ajami ko ta boko, ya kawo a ɗauki hotonta a mayar masa da abarsa nan take. Wanda kuma ke son ganin littattafan ya zo ranar Lahadi bayan La'asar. A nan ake karantawa, ba a fita da su.