Tarin Fuka na Ƙashin Baya: Daga Gadon Filasta zuwa Asibitocin Yamai

A ƙasar Hausa, idan doro ya fito wa yaro a tsakiyar baya, ƙafafunsa kuma suka soma shanyewa, ba a cika ambaton tarin fuka ba, domin sau da yawa yaron ba ya tari. Wasu su ce faɗuwa ya yi, wasu su ce iska ce ko sammu. A kai shi wajen maɗori, a yi masa sakiya, a ɗaura laya. Alhali ƙwayar cutar da ke cin huhu ita ce jini ke ɗauka ya kai ƙashin baya, ta cinye gaban ƙashi biyu ko uku har su rufta, baya ya lanƙwashe. Mugunyar da ta taru tana danne laka, daga nan tafiya ta gagara.

Cutar ta daɗe a Afirka. A 1910 masu bincike sun bayyana alamunta a jikin gawar wani limamin bauta na tsohuwar Masar, wadda ta kai kusan shekara 3,000. Sunan da likitocin Yamai ke kiran ta da shi a Faransanci, mal de Pott, ya samo asali daga Percivall Pott, likitan fiɗa na birnin Landan da ya siffanta ta a 1779. Shi kansa bai san sanadinta ba, sai ran 24 ga Maris 1882 Robert Koch ya bayyana ƙwayar cutar a Balin.

Sanin sanadi bai kawo magani nan take ba. Sama da shekara 60 bayan Koch, abin da likitoci suka fi dogara da shi shi ne kwanciya, abinci mai kyau da hasken rana. A garin Berck na bakin teku, a arewacin Faransa, ana kwantar da yara cikin filasta shekara biyu ko uku, ana jiran ƙashi ya haɗe da kansa. Wannan jinya ce ta mai gado da mai kula da shi dare da rana, kuma ƙasar Nijar ta zamanin mulkin mallaka ba ta da irin ta. Yamai ta zama babban birni a 1926, asibitinta ƙarami ne, kuma hankalin hukumar lafiya ta Turawa ya fi karkata ga annobar sanƙarau da agana. Mai doro ba ya cikin masu tayar da hankalin gwamna.

Magunguna ne suka sauya al'amari: streptomycine a 1943, isoniazide a 1952, sannan rifampicine a shekarun 1960. A Hong Kong, Hodgson da Stock suka bayyana a 1956 hanyar fiɗa ta gaba, a kwashe ruɓaɓɓen ƙashi a dasa wani. Sai dai abin da ya fi amfanar ƙasashe irin Nijar shi ne gwaje-gwajen da majalisar binciken lafiya ta Ingila ta soma a tsakiyar shekarun 1960 a Koriya, ta kuma yi a Bulawayo da Madras. Sun nuna cewa mafi yawan majinyata na warkewa da magani kawai, suna yawonsu, ba kwanciya ba filasta. Ma'anarsa, manomi daga Dogon Dutsi na iya warkewa a gidansa, muddin an gano cutar da wuri kuma bai yanke shan magani ba.

A Yamai aikin ya rabu biyu. Cibiyar yaƙi da tarin fuka ta ƙasa, CNAT, da shirin PNLT su ne da sha'anin magani, wanda ake bayarwa kyauta: iri huɗu a wata biyun farko, sannan iri biyu, jimla wata 9 zuwa 12 ga mai cutar ƙashi. Waɗanda lakarsu ta danne kuwa, ko bayansu ke neman karyewa, sai sashen fiɗar ƙwaƙwalwa da laka na Babban Asibitin Ƙasa. A 2005 mujallar Mali Médical ta buga rahoton Samuila Sanoussi da abokan aikinsa kan majinyata 17 da aka yi wa fiɗar ƙasan baya a wannan asibiti. Adadin kaɗan ne, amma ya shaida cewa aikin na yiwuwa a gida. Daga baya asibitin yara na CURE ya buɗe a 2010, Babban Asibitin Référence kuma aka ƙaddamar da shi a 2016.

Murmurewa tana da nata lokaci. Ciwo kan lafa cikin makonni, kuma a nan ne haɗari yake, don mutum kan ɗauka ya warke ya ajiye magani, ƙwayar cutar ta dawo da taurin kai. Ƙafafun da suka shanye sukan motsa bayan watanni, da taimakon masu motsa gaɓoɓi da rigar tallafar baya. Doron da ya riga ya fito kuwa magani ba ya miƙe shi, kuma ga yaro yana iya ƙaruwa yayin da yake girma, ko da cutar ta mutu. Malamin makarantar da ya ga ɗalibi na dafa gwiwa idan zai ɗauki alli a ƙasa, yana rama, yana zazzaɓin yamma, ya ga cutar a matakin da hoton ƙashi da ƙwayoyin magani suka isa su hana doron fitowa.