Kuɗin Gwamnati da Ma'auninta: Labarin Manyan Makarantu a Kumasi

Da yake muna murnar jubili, ya kamata mu tuna da labarin makarantu, gama tun farko aikin Bishara a ƙasar nan da makaranta ya tafi. Yaranmu na Zango da ke neman shiga jami'a yau sun gaji wani tsari wanda ya girmi kakanninsu. Tsarin kuwa shi ne, duk inda Gwamnati ta sa kuɗinta, sai ta aiko da mai duba.

A zamanin da ana kiran ƙasar nan Gwalkwas, yawancin makarantu na Mishan ne. Mutanen Basel sun buɗe makarantar horon malamai a Akropong tun shekara ta 1848. Ramseyer, wanda Tonawa suka kama a 1869 suka riƙe har 1874, ya komo Kumasi a 1896 ya kafa tasha da makaranta. Da Gwamnati take taimakon waɗannan makarantu, ta ce kuɗin zai bi sakamako ne. Sufeto ya zo ya jarraba yara ɗaya ɗaya, iyakar waɗanda suka ci, iyakar abin da za a biya. Wannan ma'auni bai yi kyau ba. Malamai suka koma sa yara hadda kamar aku, da bulala a hannu, domin albashinsu yana rataye a bakin yaro. A 1909 aka bar shi.

Gwamna Guggisberg ya zo da wata dabara. Dokarsa ta 1925 ta bar auna yaro kaɗai, ta koma kan malami. Aka buɗe littafin sunayen malamai, wanda ba ya ciki ba shi da izinin koyarwa. Ƙananan makarantun ƙauye da yawa suka rufe, waɗansu masu wa'azi kuwa suka yi gunaguni, suna cewa an toshe ƙofar Bishara. Suna da hujja, gama a ƙauyuka da yawa malamin makaranta shi ne mai karanta Littafi ran Lahadi. Amma dokar ta tilasta wa Ikilisiyoyi su horar da mutanensu sosai, Kwalejin Wesley kuma, wadda Metodis suka buɗe a Kumasi a 1924, ta sami aiki mai yawa.

Maganar jami'a ta taso ne a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Gwamnatin Ingila ta aiko da kwamitin Elliot, ya ba da rahoto a 1945. 'Yan kwamitin suka rabu biyu, Ingila kuwa ta fara bin ra'ayin marasa rinjaye, watau a yi kwaleji guda ɗaya tak a Ibadan domin dukan ƙasashenta na Afirka ta Yamma. Mutanen Gwalkwas, Dakta J. B. Danquah yana cikin na gaba, suka ƙi. Suka ce za su biya tasu. Da kuɗin koko aka kafa Kwalejin Jami'a a 1948, saboda haka ne ma ɗaya daga cikin gidajen ɗalibai a Legon ake kiransa Akuafo, watau manoma. Kada mai karatu ya manta, gonakin kokon nan ƙwadagon mutanen Arewa ya yi musu aiki ƙwarai, da yawansu kuwa a Zango suka fara sauka. Guminsu yana cikin ginin, ko da yake 'ya'yansu sun daɗe ba su shiga ba. Iyaye a Zango suna tsoron makarantar boko domin suna ganinta tarkon Mishan ce, suka riƙe yara a makarantar allo.

Sa'an nan Kumasi ta sami rabonta. Sarkin Tonawa, Otumfuo Osei Agyeman Prempeh na Biyu, ya ba da fili, aka yi doka a watan Oktoba 1951, ran 22 ga Janairu 1952 kuma aka buɗe Kwalejin Fasaha ta Kumasi da ɗalibai 200 waɗanda aka kwaso daga Achimota. Kuɗi na ƙasa ne, amma ma'auni na waje. Daga 1955 masu koyon aikin injiniya jarrabawar Jami'ar Landan suke ɗauka, ita ke ba da digiri. Waɗansu sun ga raini a cikin wannan, amma saboda shi ne ba wanda ya iya cewa takardar Kumasi ba ta kai ta Ingila ba. A 1961 kwalejin ta zama jami'a mai cin gashin kanta da sunan Kwame Nkrumah. Juyin mulkin 1966 ya cire sunan, a 1998 aka mayar.

Da Landan ta janye, ɗalibai kuma suka yi ta ƙaruwa, kuɗin Gwamnati ya kasa. Aka ba masu zaman kansu izini su buɗe manyan makarantu, Ikilisiyoyi suna kan gaba. A 1993 aka kafa hukumar tantance makarantu ta ƙasa, tare da majalisar da ke ba Gwamnati shawara kan rabon kuɗi. A 2000 aka kafa asusun GETFund daga harajin saye da sayarwa, wanda kowace mai tuwo a Aboabo take biya ko ta sani ko ba ta sani ba. Dokar 2020 ta haɗa hukumomin nan biyu suka zama ɗaya, ana kiranta GTEC.

Makarantun masu bi ba su tsira daga wannan ma'auni ba. Kwalejin Christian Service, wadda 'yan Mishan na WEC da masu bi na Gana suka fara a Kumasi a 1974 domin horar da ma'aikatan Ikilisiya, da ta so ba da digiri sai da ta karɓi masu duba, aka ƙidaya littattafanta, aka bincika takardun malamanta, aka sa ta ƙarƙashin Jami'ar Gana, kamar yadda Landan ta riƙe Kumasi a dā. Ba ta da albashi daga Gwamnati irin na jami'o'in ƙasa, kuɗin makaranta da baikon masu bi su ne suka ɗauke ta. Waɗansu dattawa suka ce, ina ruwan Kaisar da makarantar Littafi? Gaskiya ne, sufeto ba ya iya auna bangaskiya. Amma yana iya gane malamin da ya sayi digiri, mu kuwa ba kullum muke iyawa ba.

Wannan ya shafe mu fiye da kowa. Wanda ya tuba daga gidan Musulmi sau da yawa ya rasa gādo da taimakon dangi, kuɗin karatun ɗansa daga baikon jama'a ake tara shi. Akwai makarantu masu sunayen Littafi Mai Tsarki a kan allo waɗanda hukuma ba ta san da su ba. Ɗalibinsu ba ya samun rancen karatu na Gwamnati, takardarsa kuma ba ta shiga ofis. Hukumar GTEC takan buga sunayen makarantun da ta amince da su, da darussan da ta yarda kowace ta koyar. Dattawan Ikilisiya su nemi wannan jeri su duba, sunan makaranta da na darasin duka biyu, kafin a ba da ko sisi.