Taimakon juna tsakanin manoma da makiyaya masu naƙasa a Amurka

A karkarar Amurka akwai wani aikin sa-kai da manoma da makiyaya masu naƙasa ke yi wa junansu. Wanda ya daɗe da rasa hannu ko ƙafa, ko ya samu rauni a laka, amma bai bar gona ba, shi ne ke ziyartar wanda abin ya samu kwanan nan. Yana sauraronsa, yana kuma nuna masa yadda shi ya koma bakin aiki. Galibin wannan aiki yana gudana ne a ƙarƙashin wani shiri mai suna AgrAbility.

Dalilin buƙatarsa

Noma na cikin sana'o'i mafiya haɗari a Amurka, saboda kusan komai da inji ake yi. Tarakta kan kife da mai tuƙa ta, injin girbi kan kama hannu ko riga, sa kan tunkuyi mai ba shi abinci. Ban da haɗari, akwai cututtukan da ke zuwa da shekaru: amosanin gaɓɓai, ciwon baya, raunin ji da gani, da shanyewar ɓarin jiki. Ƙidayar harkokin noma ta shekarar 2022 ta nuna cewa matsakaicin shekarun manomin Amurka ya kai 58.

Yawancin gonakin na iyali ne, kuma gidajen suna nesa da juna. In mai gida ya kwanta, shanu ba za su jira ya warke ba, lokacin shuka ma haka, bashin banki kuwa yana nan. Shawarar da yakan fara ji ita ce ya sayar da gonar ya nemi aikin zama. Ga wanda ya gaji gona kaka da kakanni, wannan shawara na iya fin raunin kansa zafi.

Tarihi

A shekarar 1979 wani manomi da ƙafafunsa suka shanye ya nemi Jami'ar Purdue da ke Jihar Indiyana ta taimaka masa da dabarar hawa tarakta. Farfesa Bill Field da abokan aikinsa suka karɓi roƙon, daga nan aka samu cibiyar Breaking New Ground, wadda ke tattara dabarun aiki ga manoma masu naƙasa. A 1990 Majalisar Dokokin Amurka ta saka shirin AgrAbility cikin dokar harkokin noma, ya fara aiki a 1991 da kuɗin Ma'aikatar Gona ta ƙasar. A yau yana aiki a jihohi kimanin 20, inda a kowacce ake haɗa malaman gona na jami'a da wata ƙungiya mai kula da masu naƙasa.

Cibiyar ta Purdue ta kuma kafa rukunin 'yan sa-kai mai suna Barn Builders. Sunan ya samo asali ne daga tsohuwar al'adar karkarar Amurka, inda maƙwabta kan taru su tayar wa ɗayansu babban ɗakin ajiyar ciyawa da dabbobi, kamar dai yadda ake gayya a ƙasar Hausa.

Yadda ake yin aikin

Ma'aikatan shirin ne kan haɗa mutanen biyu, bayan sun nemi yardar kowannensu. Suna duba irin naƙasar da irin sana'ar, domin matsalar mai tatsar madara ba ɗaya take da ta mai noman masara ba. Ganawar kan kasance a asibiti, ko a gida, ko ta waya idan nisa ya yi yawa.

Abin da ɗan sa-kai ke kawowa shi ne abin da ya gani da idonsa. Zai iya nuna na'urar da ke ɗaga shi daga keken guragu zuwa kujerar tarakta, da sandunan da aka ɗaura domin ya kama birki da hannu, da ƙofar garke mai buɗewa ba sai ya sauka daga mota ba. Zai faɗi abin da ya gwada bai yi ba, da kuɗin da ya kashe a banza. Akwai kuma tambayoyin da mutum ke jin nauyin yi wa likita: zaman aure bayan rauni, kunyar fita cikin jama'a, da ɗacin ganin wani yana yi maka aikin da ka saba yi da kanka. Matan aure da 'ya'yan da jinya ta faɗo a kansu su ma ana haɗa su da waɗanda suka riga su shiga wannan hali.

Iyakokinsa

Ɗan sa-kai ba likita ba ne, ba a kuma biyansa albashi. A horon da ake ba shi ana koya masa ya fi yawan saurare, ya riƙe sirri, kada ya ɗauka abin da ya yi masa amfani dole ya yi wa kowa. Idan ya ga alamun baƙin ciki mai tsanani ko tunanin kashe kai, aikinsa ya miƙa mutumin ga ƙwararru. Tun watan Yulin 2022 Amurka na da lambar waya ta 988 domin irin wannan hali.

Shi kansa AgrAbility ba ya raba kuɗi ko kayan aiki. Ma'aikatansa kan je gona su duba abin da ke buƙatar gyara, sa'an nan su haɗa manomin da hukumomin jiha masu taimaka wa naƙasassu komawa sana'a. Ba kowa ke komawa noma kamar da ba: wani kan rage dabbobi, wani ya sauya abin da yake shukawa, wani ya koma lissafi da sa ido ya bar wa 'ya'ya aikin ƙarfi. Ko da wanne ya zaɓa, ana so ya yanke shawarar bayan ya ga wani irinsa a kan tarakta, ya kuma yi masa tambayoyin da ke ransa.