Wane lokaci ya kamata baƙo ya zo Gure? Abin da tarihi ya nuna

Tun da aka gama girbi saƙonni ke shigo mana daga 'yan uwa mazauna Yamai da Kano, suna tambayar lokacin da ya fi dacewa mutum ya kawo iyali ko abokin aiki Gure. Amsarmu ita ce daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin ɗari. To amma bari mu ɗan koma baya, don baƙo ya gane abin da idonsa zai gani a hanya.

A watan Disamba na 1852, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdul Karim, ya biyo ta Gure daga Kukawa zai je Damagaram. Lokacin Gure ce fadar Muniyo, ya kuma gana da Muniyoma Koso. Ya sha sanyin asuba ƙwarai a wannan tafiya, ya kuma rubuta labarin lambuna da dabino da alkama da ya tarar cikin kwarurukan ƙasar. Ashe tun wancan zamani arzikinmu a kwari yake, inda ruwa ke kusa da ƙasa, ga goruba, ga kanwa.

Shekararmu kashi huɗu ce. Da ɗari, hunturu na kaɗawa daga arewa maso gabas, hazo ya rufe gari, safiya sai da bargo, rana kuwa da sauƙi. Bazara na kamawa daga Maris, a Afrilu da Mayu zafi ya kan wuce digiri 40. Damana gajera ce, Yuli zuwa Satumba, Agusta ne mai ruwa, kuma abin da ke sauka a shekara bai cika nisa da milimita 300 ba. Sai kaka a Oktoba, hatsi ya shiga rumbu.

Da yake ruwan kaɗan ne, in ya yi gardama shekara guda kowa sai ya ji a jikinsa. Kakanninmu sun ga yunwar 1913 zuwa 1914. Iyayenmu sun ga farin 1973, wanda ya ƙarar da garken makiyaya, har yunwar ta shiga cikin dalilan da sojoji suka bayar da Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974. Na 1984 ya zo ya ƙarasa abin da ya rage. Ciyawa ta mutu, aka sare itace don a sayar a ci abinci, tuddan rairayi da saiwa ke riƙe da su suka kwance suka fara tafiya. A wannan shekara ce aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada.

Shi ya sa in kun baro Damagaram, tafiyar fiye da kilomita 160 bisa babbar hanyar da ta nufi Diffa, za ku riƙa ganin fararen tudu sun leƙo kan kwari, wani wurin dabino ya nutse har wuya. Za ku ga shinge na kalimbo da kaba an kafa su layi-layi bisa tudu. Aikin mutanen ƙauye ne, maza da mata, don iska ta rage gudu, ciyawa ta samu ta kama. Inda aka tsare shingen, tudu na tsayawa. Inda aka bar dabbobi suka shiga ko aka kwashe shi aka yi makamashi, rairayi ya kan dawo cikin 'yan shekaru, lambun wani ya tafi.

Saboda haka baƙonmu, ka taho da rigar sanyi da rawani ko ƙyalle na rufe hanci, da man shafawa don kaushi. In dole ce ta kawo ka da bazara, yi tafiyarka da asuba, ka riƙe ruwa, kada a fita da yara da tsakar rana. Da damana kuma a kwana cikin gidan sauro. In ka shiga kwari ka sayi dabino da rogo hannun masu lambu, shingen da ka gani kuma ka bar shi inda yake.

Dattawan Bune, Kelle da Gidigir da suka ga 1984 da idonsu, muna jiran ku faɗa mana kwarin da kuka sani yana da ruwa da, yau kuma ya rufe. Za mu karanta a shirinmu na gaba in Allah ya kai mu.