Labarin Masu Jiran Komawar Yahudawa Birnin Ƙudus

Ya ku 'yan makaranta, ran 2 ga watan Nuwamba, 1917, ana tsakiyar Babban Yaƙi na farko, wani wazirin Ingila mai suna Balfour ya rubuta 'yar wasiƙa zuwa ga Lord Rothschild, ɗaya daga cikin manyan Yahudawan Ingila. Alkawarin da ke cikinta kalma 67 ne kacal da Ingilishi, bai ko kai tsawon shiftar da malami kan yi muku ba. Ma'anarsa ita ce, Gwamnatin Ingila ta yi na'am da a kafa wa Yahudawa mazauni a ƙasar Falasɗinu, muddin ba a tauye haƙƙin sauran mutanen da ke zaune can ba. Yau an haura shekara ɗari, rigimar da ta biyo bayan wannan takarda ba ta kwanta ba. To, me ya kai Turawan Ingila, waɗanda kakanninsu suka kori Yahudawa daga ƙasarsu cikin 1290, su zama masu nema musu gida? Dalilai suna da yawa, amma akwai guda wanda ya girme su duka, watau yadda waɗansu Kirista suka fassara annabcin ƙarshen zamani. Shi za mu bi muku daga tushe.

Sai mu koma baya ƙwarai. Shekara 586 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarkin Babila ya ci Birnin Ƙudus, ya rushe Haikali, ya kwashe Yahudawa bauta. Cikin wannan baƙin ciki annabawansu suka yi musu albishir za su koma. Ɗaya daga cikinsu, Ezekiyel, ya ba da labarin wahayin wani kwari cike da busassun ƙasusuwa, suka haɗu, suka tashi da rai. Bayan kamar shekara 50 Sarkin Farisa, Sairus, ya ba su izinin komawa, suka sāke gina Haikali. Amma cikin shekara ta 70 bayan haihuwar Annabi Isa, Rumawa suka ƙone shi. Cikin 135 kuma, bayan wani tawaye, Sarkin Rum Hadiriyan ya hana Yahudawa shiga birnin. Ko da yake ƙasar ba ta taɓa rabuwa da Yahudawa ƙaf ba, galibinsu sun warwatsu uwa duniya, suna addu'a kullum Allah ya mai da su.

Shekara fiye da dubu malaman Kirista ba su ɗauka Yahudawa za su koma su kafa mulki ba. A ganinsu alkawarin komawa ya riga ya cika tun zamanin Sairus, abin da ya saura kuwa na jama'ar Kirista ne, gama su ne magāda. Agustin, babban malamin nan na Afirka ta Arewa wanda ya rasu cikin 430, ya koyar da cewa warwatsuwar Yahudawa shaida ce ga gaskiyar Littafi.

Abin ya sāke ne sa'ad da aka juya Littafi Mai Tsarki cikin harsunan talakawa, aka buga shi, kowa ya iya karantawa da kansa ba sai limami ya fassara masa ba. Waɗansu masu tsananin ibada a Ingila suka ce, in Littafi ya ce Isra'ila, Isra'ila yake nufi, in ya ce ƙasa, ƙasa yake nufi. Suka haɗa Ezekiyel da sura ta 11 ta wasiƙar Bulus zuwa ga Rumawa, da littafin Wahayin Yahaya, suka fitar da cewa sai Yahudawa sun koma ƙasarsu, sun karɓi Almasihu, sa'an nan zai dawo. Cikin 1621 wani lauya, Sir Henry Finch, ya buga littafi a kan haka. Sarki James ya ga maganar wani mulki da zai ɗaukaka bisa sarakunan duniya raini ce gare shi, ya sa aka kulle lauyan har ya nemi gafara.

Ba a daɗe ba iska ta juya. Aka yi yaƙin basasa, aka kashe Sarki Charles cikin 1649, mulki ya faɗa hannun Cromwell da masu wannan ra'ayi. Cikin 1655 wani malamin Yahudawa na Amsterdam, Menasseh ben Israel, ya zo Landan da hujja mai ban sha'awa. Ya ce ba za a tattaro Yahudawa ba sai warwatsuwarsu ta kai bangon duniya, ga shi kuwa Ingila ta rufe musu ƙofa. Aka yi shawara ba a daidaita ba, amma daga 1656 Cromwell ya kau da kai, suka riƙa shigowa. Shi ma yana da nasa lissafi, domin fataken Yahudawa suna da amfani ga cinikin Ingila. Ku riƙe wannan, gama za ku sāke ganinsa: duk inda annabci ya ci nasara a fada, sai an tarar riba tana tafe a gefensa.

Bayan kamar shekara 180 aka yi Lord Shaftesbury, mutumin nan da ya yi ta fama a Majalisa don a hana sa yara ƙanana aiki cikin ramukan kwal. Ya gaskata komawar Yahudawa da zuciya ɗaya. Wazirin harkokin waje kuwa, Palmerston, shi ke auren uwar matarsa, saboda haka yana da kunnensa. Palmerston bai damu da annabci ba, amma ya lura Faransa tana taƙama da kāre Katolika a ƙasar Sarkin Santambul, Rasha tana taƙama da kāre Kiristan Gabas, Ingila ba ta da kowa. Cikin 1838 aka naɗa wa Ingila wakili a Ƙudus. Cikin 1840 Palmerston ya rubuta wa jakadansa na Santambul ya shawarci Sarki ya ƙyale Yahudawa su koma. Shawarar ba ta haifi kome ba a lokacin, amma magana ta fita daga majami'a ta shiga ofis.

Cikin zamanin nan ne wani mai wa'azi, John Darby, ya tsara abin daki daki. Ya ce Allah yana da jama'a biyu, Isra'ila da masu bin Almasihu, kowace da alkawarinta. Za a ɗauke masu bi zuwa sama, a yi shekara bakwai ta tsanani, a gwabza yaƙi a Armagedon, sa'an nan Almasihu ya sauko ya yi sarauta shekara dubu a Ƙudus. Ya ƙetare teku sau da yawa yana wa'azi a Amurka, koyarwarsa ta kama can fiye da gida. Cikin 1891 wani mabiyin wannan ra'ayi, William Blackstone, ya kai wa Shugaba Harrison takarda da sa hannun manyan mutane sama da 400, ana roƙo a ba Yahudawa Falasɗinu. Cikin 1909 Scofield ya buga Littafi Mai Tsarki da wannan fassara a gindin kowane shafi, har masu karatu da yawa suka kasa rarrabe nassi da sharhi.

Su Yahudawa fa? Abin da ya tā da su ba lissafin Kirista ba ne, wuya ce. Daga 1881 aka yi ta karkashe su a Rasha. Wani ɗan jarida na Biyana, Theodor Herzl, wanda bai cika kula da addini ba, ya buga ɗan littafi cikin 1896 yana cewa ba su da mafita sai ƙasa tasu. Ba a jima ba sai ga wani fasto mai dogon gemu a ƙofarsa, William Hechler, limamin ofishin jakadan Ingila, wanda ya taɓa aikin mishan a Ikko yana saurayi. Ya ce lissafinsa ya nuna lokaci ya yi. Shi ya sada Herzl da Sarkin Baden, ta nan aka sami hanya har Herzl ya gana da Kaisar na Jamus cikin 1898. Amma Paparoma Pius na 10 ya ƙi goyon bayansa cikin 1904, malaman Yahudawa da yawa kuma suka ce haramun ne a riga Almasihunsu.

Yanzu kun ga ƙasar da wasiƙar Balfour ta tsiro a ciki. Shi da Babban Waziri Lloyd George sun tashi da karatun Littafi tun suna yara. Duk da haka ba don annabci kaɗai suka yi ba. Suna son tsare mashigin Suwes, hanyarsu ta zuwa Hindu, suna kuma zaton Yahudawan Amurka da na Rasha za su taimake su yaƙi. Abin mamaki, Bayahude guda da ke cikin waziran, Edwin Montagu, shi ya fi kowa ƙin abin, don tsoron kada a ce wa Yahudawan Ingila baƙi ne, su tafi gida.

Ga abin da masu lissafi suka manta: ƙasar da mutane cikinta. Da Ingilishi suka yi ƙidaya cikin 1922, sun sami kimanin mutum 757,000. Musulmi wajen 590,000, Yahudawa 84,000, Kirista 73,000. Bayan Hitila ya hallaka Yahudawa miliyan shida, Majalisar Ɗinkin Duniya ta yanke a raba ƙasar cikin 1947. Ran 14 ga Mayu, 1948, aka kafa Isra'ila, aka yi yaƙi, Falasɗinawa wajen 700,000 suka gudu ko aka kore su, da Musulminsu da Kiristansu. Ranar da wani ya ga ƙasusuwa sun tashi, ranar wani ya kulle gidansa ya fita da mabuɗi bai sāke komawa ba.

Da Isra'ila ta kama tsohon Birnin Ƙudus cikin 1967, masu wannan ra'ayi suka ƙara sakankancewa. Cikin 1970 Hal Lindsey ya buga littafi wanda ya sayu miliyoyi, ya nuna kome na iya aukuwa cikin shekara 40 daga 1948. Shekarar 1988 ta zo ta wuce, rana ta fito gabas yadda ta saba. Amma jama'ar ba ta ragu ba, ƙuri'arta tana da nauyi a Amurka, ta kuwa yi murna ƙwarai da aka mai da ofishin jakadan Amurka Ƙudus cikin 2018. Kada ku zaci duk Kirista haka suka gani. Cikin 2006 waɗansu shugabannin majami'un Ƙudus kanta suka fitar da sanarwa suna ƙin wannan koyarwa. Yahudawa da yawa kuma suna karɓar taimakon da taka tsantsan, gama sun san ƙarshen labarin shi ne su bar addininsu.

Ba aikinmu ba ne mu yanke muku hukunci a kan abin da Allah ya ɓoye. Abin da muke so ku ɗauka biyu ne. Na fari, in an ce muku Littafi ya faɗi abu kaza, ku tambaya, nassi ne ko fassarar wani malami, a wace shekara kuma ya yi ta, me ke damun mutanen zamaninsa. Na biyu, in kun ga ana zāna taswira da yatsa bisa aya, ku tambaya su wane ne ke noma a wurin. Waɗansunku za su zama malamai, waɗansu alƙalai, waɗansu waziran ƙasa. Magana zarar bunu ce, wadda ta fita daga alƙalamin mai mulki kuwa ta fi kowace wuyar mayarwa.