Abin da Ke Ƙarƙashin Fentin Mota

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin garejin fanel-bita da sanyin safiya, ya ga yaron gareji durƙushe gefen mota da bokitin ruwa a gabansa, yana tsoma sanfefa yana gurzar ƙofa har ruwa mai launin toka na gangarowa ta gwiwar hannunsa, to haƙiƙa ya ga ragowar wata sana'a wadda ta girmi motar kanta. Domin tun zamanin karusar doki, masassaƙanta a Ingila da Faransa sun riga sun fahimci cewa kyawun fenti ya rataya ne ga aikin da aka yi kafin a shafa shi. Sukan shafa da buroshi, su jira ya bushe, su goge, su sake shafawa, sau da yawa, har makonni su shuɗe a kan karusa guda. Motocin farko kuwa wannan al'ada suka gada ba tare da ragi ba.

Henry Ford na Amurka, wanda ya fitar da motarsa Model T a 1908, kana ya kafa layin harhaɗa motoci mai tafiya a 1913, ba shi da haƙurin wannan jira. Daga 1914 zuwa 1925 baƙar mota kaɗai yake sayarwa, sabili da baƙin fentin nan mai kwalta a ciki yana da araha da ƙarko, ana kuma gasa shi a tanderu. Amma warakar matsalar daga wasu wurare ta zo. Wani likita a birnin Toledo, Allen DeVilbiss, ya ƙera abin fesa magani a maƙogwaron majinyata, ɗansa Thomas ya mai da wannan hikima bindigar feshin fenti a 1907. Kamfanin DuPont kuma, wanda asalin sana'arsa haɗa albarushi ce, ya fito da fenti mai suna Duco, aka fesa shuɗinsa a motar Oakland ta 1924, bushewar da ke cin makonni ta koma ta sa'o'i. A ganina dai, wanda ya fi cancantar godiyar ma'aikata shi ne Francis Okie, mai haɗa tawadar ɗab'i a Filadelfiya, wanda ya ƙago sanfefar da ba ta jin ruwa, kamfanin 3M ya soma sayar da ita a 1921. Domin kafin nan ƙurar fenti mai dalma masu guga ke shaƙa wuni guda, ruwan nan kuwa shi ya kwantar da ita.

Game da cike lotsawa da rami, magabata da dalma suke yi, gauraye da kuza, galibi kashi 70 na dalma da 30 na kuza. Sai mai aiki ya kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, ya shafe shi da kuza, sa'an nan ya kusantar da harshen wuta ga sandar dalmar har ta yi laushi kamar man shanu ba ta kai ga zuba ba, ya baje ta da ɗan faifan katako wanda ya tsoma a kitse don kada ta manne, in ta huce ya bi ta da magagari. Aiki ne mai bukatar shekaru na koyo, ga kuma guba a cikinsa, amma yana da wata falala guda wadda ba a cika ambata ba: dalma ba ta kama ƙarfe mai tsatsa, saboda haka ko mutum ya so ha'inci, kayan aikin da kansu ba su yarje masa ba.

A 1955 aka fito da Bondo a Amurka, wato irin ƙullun nan da masu gareji ke kira fila, wanda ake cuɗawa da ɗan maganin daskarewa ya sandare cikin mintoci. Shi ya fitar da sana'ar daga hannun ƙwararru zuwa tsakar gida, wannan kuwa alheri ne babba ga talaka mai tsohuwar mota. Illarsa ita ce yana kama duk abin da aka ɗora shi a kai, har tsatsa, alhali kuwa yana shan laima. In aka rufe tsatsa da shi, sai ta ci gaba da cin ƙarfen a ɓoye, bayan damina ɗaya ko biyu fenti ya kumbura ya yi ƙuraje. Abin na ba ni takaici, domin wanda ya sayi motar da gumin goshinsa shi ke kwana a ciki. Shi ya sa dillalai masu wayo ke yawo da mayen ƙarfe a aljihu, duk inda ya ƙi mannewa sun san fila ce ta yi kauri.

Ita tsatsar, an daɗe ana yaƙi da ita. Thomas Coslett na Ingila ya yi rajistar hanyar kare ƙarfe da asid ɗin fosforik a 1906, asid ɗin ne kuwa tushen da yawa daga cikin ruwan kashe tsatsa da ake sayarwa yau. Audi 80 ta 1986 kuma ta fito da jiki wanda aka lulluɓe da tutiya gaba ɗaya. Duk da haka gishirin da ake watsawa a titunan Turai don narkar da ƙanƙara bai daina aikinsa ba, kuma da yawa daga motocin da muke kira Beljiyam, masu shigowa ta Kwatano, da tsatsarsu suke isowa a ƙarƙashin ƙofa da bakin taya.

Saboda haka mai gyara a gida yau, komai sabuntar kayansa, tafarkin masu karusa yake bi. Zai gurje wurin da sanfefa mai kaushi har ƙarfe ya haskaka, ya wuce iyakar tsatsar kaɗan, ya wanke maiƙo, ya shafa fila siririya, ya bi da sanfefa mai laushi, ya fesa fentin share fage a ranar, don ƙarfe tsirara ba ya kwana lafiya. In lokacin hunturu ne sai ya yayyafa wa ƙasa ruwa saboda ƙura, sa'an nan ya rufe ido ya shafa wurin da tafin hannu, domin tudun da ido bai gani ba hannu na jin sa.