Tarihin Nazarin Hausa a Jami'o'in Duniya da Gadon da Ya Bar wa Manhajarmu

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya buɗe manhajar Hausa ta makarantun sakandare ko ta kwalejojin ilimi zai tarar an kasa darasin gida uku: harshe da adabi da al'ada. Wannan tsari ya zauna da gindinsa, har ana ganin kamar da shi aka haifi darasin. Alhali kuwa kowane sashe yana da lokacin da ya shigo, da mutanen da suka shigo da shi, da kuma buƙatar da ta sa suka yi hakan. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka yi nazarin Hausa da koyar da ita a cibiyoyin ilimi na duniya daga 1843 zuwa yau. Manufar ita ce a nuna cewa gado iri biyu muka ci: wanda aka tanada domin baƙon da ke son koyon Hausa, da wanda aka tanada domin mai harshen da ke son karatu da rubutu da nazari cikin harshensa. Mai tsara manhaja yana buƙatar ya san wanne ya ɗauko, kuma wa zai ba.

2.0 'Yan Mishan da Matafiya

Tun kafin zuwan Turawa malaman ƙasar Hausa suna rubuta waƙoƙi da ajami, kamar yadda Nana Asma'u (1793-1864) da malaman zamaninta suka yi. Haka kuma da Hausa ake fassara littattafai a makarantun zaure. Sai dai nahawun da ake karantawa a can na Larabci ne. Hausa ita ce hanyar isar da ilimi, ba a zauna an feɗe ta a matsayin fanni ba.

Wanda ya fara wannan aiki sosai shi ne J.F. Schön, Bajamushe ɗan mishan, wanda ya shiga ayarin binciken kogin Kwara na 1841. Ya fara jin Hausa ne daga bakin 'yantattun bayi a Saliyo, bai kuma taɓa sa ƙafa a ƙasar Hausa ba. Ya buga jerin kalmomin Hausa a 1843, da littafin nahawu a 1862, da ƙamus a 1876. Babban madogararsa shi ne Dorugu, wani yaro Bahaushe daga yankin Damagaram, wanda matafiyi Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. Daga bakin Dorugu aka rubuta yawancin labarai da tatsuniyoyin da ke cikin Magana Hausa (1885), har da tarihin rayuwarsa. Burin Schön shi ne fassara littattafan addinin Kirista, don haka abin da ya fi damunsa shi ne kalmomi da ƙa'idojin haɗa su.

A 1891 aka kafa wata ƙungiyar nazarin Hausa a Landan, wadda ta tura C.H. Robinson har ya isa Kano a 1894. Da ya koma gida ya zama malamin Hausa a Jami'ar Kambirij, ya kuma fitar da nahawu a 1897 da ƙamus mai juzu'i biyu a 1899 da 1900. Ke nan Hausa ta shiga jami'a a Ingila tun kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato a 1903.

3.0 Zamanin Mulkin Mallaka

Jamusawa sun sadu da Hausa ne ta hanyar fatake da malaman zango-zango na ƙasar Gwanja da Togo. Adam Mischlich, wanda ya yi aikin mulki a Kete-Krachi, ya dogara da Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Shi ne ya rubuta masa bayanai da ajami game da tarihi da sana'o'i da al'adun Hausawa. Mischlich ya buga littafin koyon Hausa a 1902 da ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906.

A Arewacin Nijeriya kuwa, gwamnatin Ingila ta ɗora wa jami'anta jarrabawar Hausa, saboda da ita za su yi mulki da shari'a da karɓar haraji. Wannan buƙata ce ta haifar da tattara tatsuniyoyi da labarai domin su zama abin karatu. Frank Edgar ya fitar da juzu'i uku na tatsuniyoyi tsakanin 1911 da 1913, waɗanda malamai Hausawa suka rubuta masa da ajami, shi kuma ya mayar da su boko. A 1913 R.S. Rattray ya buga irin wannan aiki daga rubutun Malam Shaihu a ƙasar da ake kira Gana a yau. Daga nan sashen al'ada da na adabin baka suka samo tushensu na farko, kuma da idon baƙo aka zaɓi abin da aka tattara. Ƙololuwar aikin wannan zamani shi ne ƙamusun G.P. Bargery na 1934, mai kimanin kalmomi 39,000, wanda ya nuna karin sauti da tsawon wasali, kuma har yau ba a daina komawa gare shi ba. R.C. Abraham, tare da Malam Mai Kano, ya biyo da nasa a 1949.

A gefe guda kuma aka fara gina gado na biyu. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. Daga baya Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar 1933 wadda ta samar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Magana Jari Ce ta biyo baya daga 1937, sannan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Rubutun da aka daidaita a wannan lokaci ya ɗauki haruffa masu ƙugiya, amma bai nuna karin sauti da tsawon wasali ba, domin an yi shi ne saboda mai harshen, wanda jimla kan faɗa masa yadda zai furta kalma.

4.0 Bayan Yaƙin Duniya na Biyu

Bayan 1945 nazarin Hausa ya koma hannun masana kimiyyar harshe. A Makarantar Nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan, F.W. Parsons ya fito da tsarin giredin aikatau a 1960, inda ya kasa aikatau zuwa giredi bakwai bisa wasalin ƙarshe da karin sauti. Wannan tsari ne ke bayyana dangantakar da ke tsakanin saya da saye da sayar da sayo da sayu, kuma shi ne ake koyarwa a azuzuwanmu har yanzu. A Amurka kuwa, Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike tsakanin Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya sanya Hausa cikin dangin harsunan Cadi, reshe na babban gidan da ya haɗa da Larabci da Ibrananci da harsunan Buzaye. Littafinsa na 1963 ne ya tabbatar da wannan rabo.

Siyasar duniya ma ta taka rawa. Dokar ilimi ta 1958 a Amurka ta ware kuɗi domin koyar da harsunan waje, sai jami'o'i irin su Wisconsin da Indiana da ta Kalifoniya a Los Angeles suka buɗe darussan Hausa. A Tarayyar Sobiyet aka buga ƙamus na Hausa da Rashanci a 1963 a ƙarƙashin D.A. Olderogge. Jami'ar Warso ta ƙasar Folan ta kafa nata zuriyar masana, ciki har da Stanisław Piłaszewicz, wanda ya buga rubuce-rubucen Alhaji Umaru a 2000. A birnin Beijin na ƙasar Sin ma ana koyar da Hausa a matakin jami'a. Gidajen rediyon ƙasashen waje, tun daga BBC a 1957, sun buƙaci masu jin Hausa, wannan kuma ya ƙara wa darussan kasuwa. Littattafan koyo na wannan zamani, kamar na Kraft da Kirk-Greene (1973) da na Cowan da Schuh (1976), duk sun nuna karin sauti da tsawon wasali, sun kuma fara da hira da maimaici. Manyan littattafan nahawu na Paul Newman (2000) da Philip Jaggar (2001) su ne suka tattara sakamakon wannan dogon bincike.

Nazarin adabi ya makara idan aka kwatanta da na harshe. Sai a 1975 Mervyn Hiskett ya fitar da tarihin rubutattun waƙoƙin Musulunci na Hausa, Graham Furniss kuma ya haɗa waƙa da zube da adabin zamani a littafinsa na 1996.

5.0 Nazari Ya Dawo Gida

A 1969 aka kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, wadda ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Rukunin farko na masana 'yan ƙasa a waje suka yi digirin digirgir, da Ingilishi kuma suka rubuta kundayensu. M.K.M. Galadanci ya yi nasa a Landan a 1969 kan yankin suna. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi nazarin Mamman Shata a Indiana a 1975, Ɗalhatu Muhammad kuma ya yi na Aƙilu Aliyu a Landan a 1977. Abin lura a nan shi ne, da zarar masu harshen suka shigo fagen, sai mawaƙi ya zama mai fasaha da ake nazarin salonsa da sunansa.

Babban sauyin da waɗannan masana suka kawo shi ne koyar da Hausa da Hausa. Wannan ya tilasta ƙirƙiro keɓaɓɓun kalmomi irin su aikatau da wakilin suna da ɗafi da jigo da salo da zubi da tsari, waɗanda aka tattara a ƙamusun keɓaɓɓun kalmomi na 1990 da Ɗalhatu Muhammad ya tace. Rabe-raben Adabin Hausa na Abdulƙadir Ɗangambo (1984), da Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya (1988), da Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Sa'idu Muhammad Gusau (1993) sun nuna cewa ana iya yin nazari mai zurfi da harshen. A 2006 Cibiyar ta fitar da Ƙamusun Hausa, wanda ke bayyana Hausa da Hausa.

6.0 Darussa ga Masu Tsara Manhaja

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta nemi ɗalibi ya koyi ɗaya daga cikin Hausa da Ibo da Yarbanci ban da harshensa, kuma horar da malaman harsunan gida na cikin dalilan kafa Cibiyar Harsunan Nijeriya ta Ƙasa a Aba a 1993. Wato azuzuwan Hausa sun ƙunshi ɗalibai iri biyu, amma sau da yawa littafi guda ake miƙa musu.

Ɗalibin da ya tashi da Ibo ko Yarbanci ko Ibibiyo, idan ya ga kalmar gari a rubuce, ba abin da zai nuna masa ko wurin zama ake nufi ko abin tuwo, domin tsawon wasalin farko ne ya bambanta su. Haka kuka ta itace da kuka na hawaye, karin sauti ne ya raba su. Wannan ɗalibi yana buƙatar gado na farko: littafi mai alamomin furuci da darussan hira. Sai dai littattafan waje an rubuta su ne domin balagaggen Bature. Ɗalibinmu kuwa harshensa na da karin sauti, kuma yana jin Hausa a kasuwa, don haka akwai buƙatar a sake rubuta su daidai da shi. Shi kuma ɗalibi mai harshen, idan aka cika shi da haddar giredin aikatau, aka rage masa karatun adabi da insha'i, an ba shi abin da aka tanada domin baƙo ke nan.

Abu na biyu shi ne tarihin da ake koyarwa. Ɗalibai kan haddace sunayen Schön da Mischlich da Rattray, ba tare da sanin Dorugu da Alhaji Umaru da Malam Shaihu ba, alhali daga bakinsu da alƙalaminsu aka samo Hausar da ke cikin littattafan. Ya kamata manhaja ta ba su matsayin marubuta, a kuma karanta wani abu daga ayyukansu.

Abu na uku ya shafi harshen koyarwa. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare, sannan a Nuwamba 2025 ministan ilimi ya ba da sanarwar soke wannan manufa. Saboda haka nauyin kiyaye Hausa a matsayin harshen ilimi ya ƙara komawa kan darasin Hausa kansa, da kuma malaman da ke koyar da shi da Hausa.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa 'yan mishan sun bar mana kalmomi da nahawu, jami'an mulki sun bar tatsuniyoyi da ƙamus da ƙa'idojin rubutu, masana kimiyyar harshe sun bar hanyoyin feɗe sauti da aikatau, masanan gida kuma sun samar da nazarin adabi da keɓaɓɓun kalmomi. Shawarar wannan maƙala ita ce a raba manhajar mai harshen da ta mai koyon Hausa a matsayin harshe na biyu tun daga littafin ɗalibi har zuwa jarrabawa, a kuma horar da malamai daban domin kowacce.